Yadda na haɗa ɗakin gwaji a gida don jarrabawar CCNA

Kuɗin jarrabawar CCNA 200-301, wadda kamfanin Cisco ke shiryawa kan hanyoyin sadarwar kwamfuta, dala 300 ne, ana zama minti 120. Wanda zai fitar da wannan kuɗi bai kamata ya shiga da haddar littafi kawai ba, sai hannunsa ya saba da aikin. Abin da ya sa na ware kusurwar ɗaki ke nan na haɗa wurin gwaji, kuma na gane cewa mafi yawan kuɗin ya kamata ya tafi kan kwamfuta ɗaya mai isasshen RAM da kuma wuta, ba kan tara ƙarafa ba.

Na fara da Packet Tracer, manhajar Cisco da ake samu kyauta idan aka yi rajista a Networking Academy. Ko tsohuwar laftof tana ɗaukarta. A cikinta na koyi darussan jarrabawar irin su raba adireshi, VLAN (raba na'urori zuwa rukunoni daban-daban), OSPF, DHCP, NAT da ACL (jerin dokokin tace saƙonni). Sai dai kwaikwayo ce kawai, ba ainihin IOS, wato manhajar da ke cikin na'urorin Cisco, take gudanarwa ba, don haka wasu umarnin ba ta san su ba. Sai ka rubuta abu daidai yadda yake a littafi ta ƙi karɓa, ka zauna kana zargin kanka.

Daga nan na sayi ƙaramar kwamfutar ofis ta gwanjo, irin su Dell OptiPlex Micro ko Lenovo ThinkCentre Tiny, mai Core i5. Na ƙara mata RAM zuwa 16GB, na sa SSD mai 512GB, na ɗora Proxmox, tsarin da ke gudanar da kwamfutocin cikin manhaja da yawa a kan kwamfuta ɗaya, wanda shi ma kyauta ne. Na zaɓe ta ne saboda wuta. Idan ba ta wani aiki mai nauyi ba ta cika wuce wat 10 zuwa 15 ba. Tsohuwar sabar kamfani kuwa, ko an ba ka ita da arha, tana iya cin wat ɗari ko fiye tana zaune, ga ƙara kamar injin niƙa. A inda wutar NEPA ba ta da tabbas, wannan bambancin ne zai nuna ko batirin inbata zai kai ka ƙarshen darasi.

Abu biyu ne suka tsayar da ni a nan. Na farko, an kashe VT-x, wato damar furosesa ta ɗaukar kwamfutocin cikin manhaja, a BIOS, saitin farko na kwamfuta, sai da na shiga na kunna shi kafin kowace kwamfutar cikin manhaja ta tashi. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Na ɗora GNS3, manhajar da ke gudanar da rauta da suwic masu ainihin IOS, a cikin Proxmox, rautocin suka ƙi tashi, domin su ma suna buƙatar VT-x ɗin ya iso gare su. Maganin shi ne a je saitin furosesa na na'urar GNS3 ɗin a Proxmox a mayar da nau'insa zuwa host. A kuma yi lissafin RAM tun da wuri: rautar IOSv tana son 512MB, suwic na IOSvL2 yana son 768MB, saboda haka rauta huɗu da suwic uku sun haura 4GB kafin a ƙirga abin da Proxmox da GNS3 za su ci. GNS3 ba ya zuwa da IOS, lasisin IOS na Cisco ne. Hanya mai tsafta ita ce Cisco Modeling Labs, yana da nau'in kyauta mai ɗaukar na'ura biyar a lokaci ɗaya.

Ƙarfe kuwa, suwic biyu kawai na saya, Catalyst 2960 mai ramin jona kebul 24, da kebul ɗin konsol mai kan USB. Biyu sun isa a gwada trunk da EtherChannel da kariyar rami. Na guji masu PoE, wato masu ba wasu na'urori wuta ta kebul ɗin sadarwa, sun fi cin wuta da ƙara. Kafin ka biya, ka sa mai kaya ya kunna a gabanka, ka jona laftof ta PuTTY a kan gudun 9600, ka rubuta show version. Duba sunan IOS ɗin, idan babu k9 a ciki ba zai yi SSH ba, wato shiga na'ura daga nesa ta hanya mai tsaro, alhali SSH yana cikin abin da ake tambaya. Sannan ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da kebul. Fitilar rami za ta fara da ruwan lemo, ta yi kusan daƙiƙa 30 kafin ta koma kore. Ba lalacewa ba ce, STP ne, tsarin da ke hana saƙo zagaye tsakanin suwic, ke saurare na daƙiƙa 15, ya koya na wasu 15. Ramin da bai kama komai ba shi ne abin dubawa.

Kayan gwanjo sukan zo da kalmar sirrin mai su na farko. A 2960 ana danne maɓallin MODE yayin jona wuta, a rubuta flash_init, a sauya sunan fayil ɗin config.text, a sake tayar da shi. Akwai kuma tarkon da na faɗa: na yi write erase na ɗauka komai ya goge, sai ga tsofaffin VLAN suna nan daram. Ashe ba a cikin saitin suke ba, suna cikin wani fayil daban, sai an rubuta delete flash:vlan.dat. Wannan darasin kaɗai ya biya kuɗin suwic ɗin a wurina.

Kuskure mafi muni shi ne jona wurin gwaji da intanet ɗin gida kai tsaye. Na kunna DHCP, mai raba wa na'urori adireshi, a rautar gwaji, sai wayoyin gidan suka fara karɓar adireshi daga gare ta, intanet ya yanke wa kowa, domin waya takan karɓi amsar da ta fara isowa. Yanzu gida yana kan 192.168.1.0, gwaji yana kan 10.10.0.0, kuma gadar da ke haɗa na'urorin gwaji a cikin Proxmox ba ta haɗe da ramin da ke fita waje.

Ɗaukewar wuta ta koya mini rubuta copy running-config startup-config bayan kowane mataki, don abin da ba a ajiye ba yana cikin RAM ne, yana tafiya da wutar. Ƙaramin UPS mai 650VA yana ba ni isasshen lokaci in ajiye aiki in kashe Proxmox yadda ya kamata. Lokacin hunturu kuma ƙura tana toshe ramukan iska, sai in busa su duk mako biyu, in rufe kayan da ƙyalle bayan sun huce.

Yadda nake amfani da wurin yanzu: in gina hanyar sadarwa ta yi aiki, in ɗauki hoton yanayinta a Proxmox, sannan in ba abokin karatu ya ɓata abu uku ba tare da ya faɗa mini ba, kamar sauya native VLAN a gefe ɗaya, ko sa ACL a ramin da ba nasa ba. Ni kuma in ba kaina minti 20 in gano su da show da ping kaɗai.