Na sauka Guangzhou, kayana suna Yiwu

Da maigidana ya ce in je China in duba mana kayan shago, ban tsaya tambayar gari ba. A bakin 'yan kasuwarmu na Kano, China ita ce Guangzhou. Na yanki tikiti, na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka yada zango a filin jirgin Bole da ke Addis Ababa, sannan aka shiga doguwar tafiya ta sama da awa goma. Ƙafafuna har suka kumbura cikin takalmi.

Filin jirgin Guangzhou sunansa Baiyun, wato farin gajimare, kuma tun 2004 yake aiki a wurin da yake yanzu, arewa da gari. Kafin layin duba fasfo, na'ura ce ta fara karɓar tambarin yatsuna. Wata tsohuwa da ke bayana ta ga ina ta dangwala yatsa ɗaya, ta kama hannuna ta shimfiɗa yatsu huɗu a kan gilashin, ba ta ce uffan ba. Na fito na kunna waya, WhatsApp ya ce bai san zancen ba, ashe a toshe yake a China. Sai da na isa unguwar Xiaobei, inda baƙi daga Afirka suka fi sauka, wani ɗan Maraɗi ya ara mini tasa wayar. Ƙarfe biyu na rana a can, bakwai na safe a gida.

"Alhaji, na sauka lafiya."

"Madalla. A ina?"

"Guangzhou."

Ya yi shiru. "Kai yaro, maɗaurin gashi da 'yan kunne a Yiwu suke. Shanghai ya kamata ka sauka."

Ashe ƙasar ƙofofi gare ta. Beijing manyan filayen jirgi biyu gare ta, Capital da kuma Daxing da aka buɗe a 2019. Shanghai ma biyu: Pudong, inda yawancin jiragen ƙetare ke sauka, da Hongqiao, wanda tashar jirgin ƙasa ke manne da shi. Daga Hongqiao zuwa Yiwu a jirgin ƙasa bai cika awa biyu ba. Ni kuwa fiye da kilomita 1,000 ne a gabana.

Washegari na hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya, na shafe sama da awa shida ina kallon gonakin shinkafa da ramukan duwatsu, ina cin kilishin da na ƙullo daga gida. Kuɗin tikitin kuwa, Alhaji ya ce a aljihuna.