Leza da tabon fuska, abin da ya sami ƙanwata

Wallahi tun ranar da ƙanwata ta dawo daga wani gidan gyaran jiki da kumatu kamar an ɗora mata dutsen guga hankalina bai kwanta ba. Tabon ƙuraje ne fa kawai ya dame ta, aka haska mata IPL, wato wani injin haske mai ƙarfi mai kama da leza, wajen ya yi bororo, da ya warke sai ya bar baƙin da ya fi na da.

Likitar fata ce ta mana bayani, ta ce hasken nan melanin yake bi, wato sinadarin da ke ba fata launi, mu kuma fatarmu cike take da shi, to injin baya bambance tabo da lafiyayyar fata sai ya ƙona duka. Lezar da ta fi dacewa da baƙar fata ita ce wadda ake kira Nd:YAG mai tsawon zangon haske nanomita 1064, don tana wucewa can ciki, ita ma sai an fara gwadawa a ɗan waje kaɗan an jira tukuna. Ta kuma tambayi ƙanwar tawa ko tana shafa man bilicin.

Yanzu dai kullum da safe sai ta shafa man kariyar rana, SPF 50, ko kasuwa bata zuwa babu shi. Tabon ya fara dusashewa a hankali, Alhamdulillah.