Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ruwan Alhaji da ƙidayar bugu

Makon jiya na tsaya a inda maigidana ya fara barina ni kaɗai a shagonmu na unguwar Zango, cikin Damagaram. A bazarar wannan shekarar ce aikin da ya jefa ni cikin harkar na'urorin awo ya zo.

Duk ɗan Damagaram ya san ƙishirwar garin nan. Gari ne da ke zaune bisa dutse, ruwansa daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza. Idan Afrilu ya kama, mai ruwa sarki ne. Wani Alhaji yana da rijiyar burtsatse da shato a bayan gari, yana sayar wa motocin tanki. An saka masa ma'aunin ruwa mai kyau a bututu, amma abin da yake nunawa kawai shi ne ƙarfin gudun ruwan a lokacin. Shi kuwa Alhaji ba ruwansa da gudu. Ya ce wa maigidana: "Malam, ni lita nawa suka fita daga asuba zuwa magariba nake son sani, don lissafina da na yaran nan ba ya haɗuwa."

Ma'aunin yana fitar da saƙon kuran na 4 zuwa 20 mA (miliamfiya, awon yawan kuran da ke bin waya). Huɗu na nufin ruwa ya tsaya, ashirin na nufin ya kai ƙarshen awo. Ba a fara daga sifili ba don a iya bambanta tsayawar ruwa da tsinkewar waya. Kontar da muke da ita kuma, wato na'urar da za ta tara jimillar litocin, bugun lantarki kawai take ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku. Sai an sa wata ƴar na'ura a tsakaninsu, mai karɓar kuran ta mayar da shi bugu.

Na ɗauka maigida zai tura ni Kano washegari in sayo. Sai ya miƙo mini takarda da biro, ya ce: "Zauna tukuna, ɗana. Daga wajen kontar ake fara zaɓe. Ita za ta karɓi bugun, ita za ka tambaya abin da take iyawa."

Ga lissafin da ya sa na yi. An saita ma'aunin Alhaji ta yadda 20 mA ya zama lita 36,000 a awa. Idan kowane bugu lita 10 ne, bugu 3,600 ke nan a awa, wato ɗaya a daƙiƙa. A 12 mA, rabin awo, sai ya koma 1,800. Na ce, Baba, me zai hana mu yi bugu ɗaya lita ɗaya, lissafi ya fi tsabta? Ya yi dariya. Bugu goma ke nan a daƙiƙa, yini guda. Idan na'urar mai rele ce, wato makunnin da kuran ke kunnawa da kashewa, ƙarfen da ke buɗewa da rufewa a cikinta ba zai daɗe ba, kuma kontar mai juya lambobi tana bukatar bugun ya ɗan jima kafin ta gane shi. Saurin irin wannan sai mafita ta tiranzisto, makunnin lantarki marar ƙarfe mai motsi, ita ma sai ka duba ko NPN ce ko PNP, iri biyun da dole ɗaya ya dace da kontar, don wanda ya sayo ba daidai ba zai zauna yana kallon lamba a tsaye ruwa na zuba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar dare. Famfo a kashe, amma ma'auni ba ya zama cif a kan 4 mA. A ce ya karkata zuwa 4.1. Wannan ɗan ɗigon a lissafinmu lita 225 ne a awa, cikin awa goma lita 2,250 da ba su taɓa fita ba. Da safe Alhaji zai kira mai gadi ɓarawo, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ya sa maigida ya ce duk na'urar da ba a iya saita mata iyakar da za ta daina ƙirga idan gudu ya yi ƙasa sosai, kada in kalle ta, ko kyauta ce.

Sauran sharuɗɗan gajeru ne. Ta kasance mai cin bolt 24 kamar sauran kayan akwatin, ta hau kan layin DIN, sandar ƙarfen da ake maƙala na'urori a cikin akwati, hanyar shiga da ta fita su kasance a keɓe saboda tsawar damina da dogayen wayoyi. Sai zafi: in duba iyakar da aka rubuta a jikinta, don garin da inuwa ke wuce digiri 40, cikin akwatin ƙarfe a rana wani labari ne.

Da wannan takardar a aljihu na bi ta Matamai na shiga Kano. Shago uku na farko a Sabon Gari duk suka ce suna da ita, kowa ya fito mini da abin da ke aiki a juye, mai mayar da bugu kuran. Yadda na samu ta gaskiya, da rigimar da muka yi kan canjin sefa da naira, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.