Gaisuwar Baba a hanyar masallaci

Talata. Mun dawo daga asibiti tun kafin la'asar, amma amsa ɗaya da Baba ya ba likita ta hana ni sukuni.

Da raha ma aka fara. Likita ya auna masa jini a damtse, ya sake aunawa a idon sawu da 'yar na'urar da ke fitar da sautin bugun jini. Da ya raba awon idon sawu da na damtse, ƙafar dama ta ba da 0.6. Ya ce duk abin da ya gaza 0.9 alama ce jijiyoyin da ke kai jini ƙafa sun tsuke, kuma ciwon suga na gaba-gaba wajen jawo haka. Sai ya ce, "Alhaji, daga ina zuwa ina kake tafiya kafin sha-raɓarka ta ɗaure?"

Baba ya ce, "Daga ƙofar gida zuwa teburin mai shayi. In na tsaya muka gaisa sai ta saki, in ƙarasa wajen tela."

Jikina ya yi sanyi. Shekara biyu Inna na mitar Baba ya cika gaishe-gaishe har raka'ar farko tana wuce shi, ni ma ina taya ta. Ashe ciwo yake jira ya lafa. Ƙafar da yake saukowa da ita daga gado cikin dare kuwa, da muke cewa zafin gari ne, likita ya ce jini yake nema ya gangaro mata, kuma wannan ya fi damun shi likitan.

Za a yi hoton jijiyoyin. In toshewar gajeriya ce, ta matsematsi za a zura siririn bututu mai balan-balan a buɗe wurin. In doguwa ce, sai a ciro wata jijiya daga ƙafar tasa a yi wa jinin hanyar kewaye. Kafin nan ga maganin kitse da na hana jini daskarewa, ba gashi da ruwan zafi, ba yawo ba takalmi, a duba tsakanin yatsu kullum.

Yaya bai ɗaga waya ba. Kuɗin makarantar Ummi sai Alhamis. Ba wuta tun safe.

Bayan magariba na fita ni kaɗai na ƙirga. Taku 140 ne daga ƙofarmu zuwa teburin mai shayi.