Farantin dala uku da rabi: lissafin mai shagon nasi lemak a Singafo

A Singafo idan mutum ya ce zai je cin abinci bai kama sunan wani wuri ba, to kasuwar abinci ta unguwa yake nufi, wadda suke kira hoka senta. Ƙatuwar rumfa ce mai rufi, babu bango, babu na'urar sanyaya ɗaki sai fankoki. Ƙananan shaguna ne a jere, a tsakiya kuma tebura da kujeru a kafe a ƙasa, na kowa da kowa. A ɗaya daga cikinsu muke da shago ni da matata, a gabashin tsibirin Singafo, gindin dogayen gidajen gwamnati da kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen ƙasar ke zaune a cikinsu. Lasisin da sunanta yake, domin doka ba ta ba da shago a irin wannan kasuwa sai ga ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin. Ni karatu ya kai ni Maleshiya, aure ya tsallako da ni nan, sana'ar gidan surukai ta riƙe ni.

Nasi lemak muke sayarwa. Abincin Malayawa ne: shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa da ganyen pandan, wani dogon ganye mai ƙamshi, sai a jera mata soyayyar gyaɗa, da ƙananan busassun kifi da suke kira ikan bilis, da ƙwai, da yankan kokwamba, da sambal, wato miyar barkono mai kauri. Wannan shi ne asalin farantin, kuma dala uku da rabi muke sayar da shi, dalar Singafo. Mai son fiffiken kaza ko kifi ko begedil, wato soyayyen curin dankali, sai ya ƙara kuɗi. Da hantsi mukan ƙara mee rebus, taliya mai rawaya a cikin miya mai kauri da dankalin Hausa ke ɗaure ta, da lontong, curin shinkafa a miyar kwakwa da kayan lambu.

Ƙarfe uku da rabi na dare muke tashi. Asuba a nan ba ta yi sai wajen shida saura, rana kuma sai wajen bakwai take fitowa, saboda haka kafin kiran salla an gama rabin aiki. Madarar kwakwa ba ta da haƙuri a ƙasa mai zafi da laima irin wannan. Ka dafa shinkafar yini duka a tukunya ɗaya, kafin azahar ta fara canja ƙamshi, mai saye kuma ba ya faɗa maka, sai dai ka daina ganinsa. Shi ya sa muke dafawa kashi-kashi, tukunya na ƙarewa wata na nuna. Gyaɗa da ikan bilis dabam-dabam ake soya su, domin kifin kan ƙone kafin gyaɗar ta soyu. Fiffike yana kwana a cikin kurkur da citta da gishiri, ba a jefa shi a mai sai an ga layi ya fara tsayi.

Amma sunan shago a sambal yake. Shinkafa kowa zai iya koya cikin wata guda. Sambal kuwa sai an jiƙa busasshen barkono, a cire 'ya'yansa, a tafasa, a niƙa da albasa da tafarnuwa da belacan, wani ƙulli na ƙananan jatan lande da aka tsima da gishiri, wanda aikin da daddawa ke yi a miyarmu shi yake yi a tasu. Daga nan sai kasko, wuta kaɗan, da juyi. Ana juyawa awa biyu, wani lokaci uku, har sai mai ya rabu da barkonon ya taso sama, launin ya koma ja mai duhu. Sai a sa tsamiya da sukari. Mutanen Singafo sun fi son sambal ɗin nasi lemak da ɗan zaƙi, in ya cika yaji tsofaffi su guje shi, in ya cika zaƙi samari su ce na yara ne. Surukata, wadda muke kira Mak, ita ta koya mana, kuma har yau in ta leƙo shago ba ta gaisawa sai ta ɗanɗana. Ta kan sa bakin cokali ta lasa, ta dubi 'yarta ta ce, "Wa ya juya wannan?" In aka ce ni ne, ta ce, "Ka yi sauri." In ta yi shiru ta zauna, to ya yi.

Baƙo da ya zo ƙasar da ake yawan sa ta cikin mafiya tsadar rayuwa a duniya, ya ci ya ƙoshi da dala huɗu, yakan tambaya ta yaya. Amsar farko gwamnati ce. Zuwa shekarun 1960 masu abinci a kan titi suke, da kurarsu da bokitin wanke kwano, ruwan datti na kwarara cikin magudanai, kwalara da taifot na yawo. A 1968 da 1969 aka yi musu rajista, daga 1971 zuwa 1986 aka gina musu waɗannan kasuwanni da famfo da lantarki aka kwashe su daga titi. Aka tsaya da gini har sai 2011, lokacin da aka sanar za a ci gaba da gina sababbi. Yau sun haura 110, ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta ƙasa, NEA. Waɗanda aka kwaso daga titi tun farko, da iyalansu da suka gaje su, haya mai rangwame suke biya, ba ta kai dala 400 a wata ba. Tsohon Basine mai shayi da kofi da ke kusurwarmu yana cikinsu, shi ya sa kofinsa ya fi na kowa araha.

Mu da muka zo daga baya ta hanyar tayi muka shiga. A kowane wata, hukumar kan fitar da jerin shagunan da babu kowa, kowa ya rubuta abin da zai iya biya, wanda ya fi tayi ya ɗauka na shekara uku, bayan nan a sake duba hayar bisa abin da aka kimanta wa wurin. Babu mafi ƙarancin tayi, saboda haka a kasuwar da ba ta da jama'a mutum kan samu shago da kuɗi kaɗan. A wurin da ke da ciniki kuwa abin ya kan zama hauka. A 2024 an yi wa wani shago a unguwar Marine Parade tayin da ya haura dala 10,000 a wata, kowa a sana'ar nan ya yi ta lissafin faranti nawa zai sayar kafin ya biya hayar kaɗai. Haka kuma an hana mai shago ya ba wani haya ya koma gida yana karɓar kuɗi. Dole ka tsaya da kanka. Wannan dokar ina yaba ta, domin ita ce ta hana 'yan tsakiya cinye sana'ar.

Amsa ta biyu, wadda ba a cika faɗa ba, ita ce mu. Haya ba ita ce babban abin da ke cin kuɗinmu ba, kayan girki ne. Singafo fiye da kashi 90 cikin ɗari na abincinta daga waje take shigo da shi, don haka duk abin da ya taɓa wata ƙasa sai ya taɓa kaskonmu. Ranar 1 ga Yuni 2022 Maleshiya ta dakatar da fitar da kaji, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na kajin da ake ci a nan daga can suke zuwa. Masu shinkafa da kaza, wadda Sinawa suka shahara da ita, su suka fi jin jiki, wasu har suka rufe na ɗan lokaci. Mu muka koma wa daskararren fiffike, irin wanda ake kawowa daga Barazil, muka sake koyon suyarsa, don yana riƙe ruwa. Sai harajin kaya ya tashi daga kashi 7 zuwa 8 a 2023, ya koma 9 a 2024. Mu ba ma karɓarsa daga mai saye, tunda cinikinmu bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, amma muna biyansa a buhun shinkafa da garwar mai da kiret ɗin ƙwai. Ga gas, ga ruwa da wuta, ga kuɗin masu share tebura, ga na masu wanke faranti.

Abin da ya rage bayan wannan duka shi ake kira riba, amma a gaskiya ladan aikin mutum biyu ne da suka tsaya awa goma sha biyu a gaban wuta. Da za mu biya kanmu albashin da za mu biya wani, farantin nan ba zai zauna a dala uku da rabi ba. Kuma samun wanin ma aiki ne: ba a yarda mu ɗauko ma'aikaci daga waje kamar yadda gidajen abinci ke yi ba, ɗan ƙasa kuma da wuya ya yarda da zafin shago mai faɗin taku uku. A farkon 2025 aka ɗan sassauta, aka ba masu takardar doguwar ziyara da ke da izinin aiki damar zama mataimaka a shagunan da ba na iyalinsu ba.

A da can, dala uku muke sayar da farantin. Ƙarin rabin dala ya ci mana watanni ana shawara. Matata ta fi ni tsoron abin, domin ita ta girma a unguwar, ta san wace tsohuwa ce ke zaune ita kaɗai a ɗaki ɗaya na haya, ta san wane dattijo ne ke raba farantin biyu, rabi da safe rabi da rana. Ta ce da ni, "Abang (haka matan Malayawa ke kiran miji), Makcik, wato gwaggon nan, ta bene na tara fa kullum da tsabar kuɗi take zuwa, a ƙirge." Daga ƙarshe muka ƙara, muka rubuta a kwali muka manna mako biyu kafin ranar. Tsofaffin ba su ce komai ba. Masu ƙorafin su ne masu rigar ofis, waɗanda za su fita daga nan su shiga kantin zamani su sayi kofi ɗaya da kuɗin farantinmu biyu ba su ɗaga gira ba. An saba musu da cewa abincin hoka dole ya yi araha, kamar arahar haƙƙinsu ce, ba wanda ya tambayi wa ke biyan ragowar. A 2016 da littafin Michelin, mai auna ingancin gidajen abinci, ya ba wani ɗan hoka mai suna Chan Hon Meng tauraron yabo kan shinkafa da kazarsa ta dala biyu a kasuwar Chinatown, jaridun duniya kan dala biyun suka fi tsayawa, ba kan shekarun da ya yi yana koyon girkin ba.

Dabarar da ta riƙe mu ita ce asalin farantin ya zauna a ƙasa, riba ta fito daga ƙari. Mai kuɗi ya kan ce a sa fiffike biyu da begedil da otah, kifin da aka niƙa da yaji aka gasa a ganye, farantinsa ya kai dala bakwai. Shi ne yake ɗauke wa tsohuwar nauyi bai sani ba. Robar tafi-da-gidanka muna karɓar kuɗinta, wanda ya zo da kwanonsa ya tsira. Gyaran sambal kuwa kyauta ne, cokali ɗaya. Wasu shagunan sun fara sayar da shi, mu Mak ta ce ba a gabanta ba. Takardun tallafi na CDC da gwamnati ke raba wa gidaje, waɗanda ake kashewa a shagunan unguwa, suna ɗaga ciniki sosai a makonnin da aka raba su. Biya ta waya da lambar QR ya zama ruwan dare tun kullen korona na 7 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni 2020, lokacin da aka hana zama a ci, aka naɗe teburan, ciniki ya koma na ƙunshi kawai.

Zaman kasuwar kansa yana da tsarinsa. A layinmu shagunan Musulmi ne, Malayawa da Indiyawa masu roti prata, wata irin soyayyar gurasa, da teh tarik, wato shayi da madara, layin gaba kuma na Sinawa. Wasu suna da takardar halal ta majalisar addinin Musulunci, MUIS, wasu kamar mu allo kawai suka kafa cewa shagon na Musulmi ne. Farantanmu launinsu dabam, wurin mayar da tire na halal dabam. Mayar da tiren ma ya zama dole tun Satumba 2021, karon farko gargaɗi a rubuce, karo na biyu tarar dala 300. Teburi kuwa ɗaya ne: direban tasi Basine da malamar makaranta mai lulluɓi da lebura ɗan Bangaladash duk su zauna a jere, kowa da abincinsa. In ka ga ƙunshin tishu a kan kujera kada ka zauna, mai wurin yana layi. Da azumi mukan rufe safiya mu buɗe bayan la'asar, amma sai Sinawan unguwa su yi ta tambayar yaushe za a yi salla, don karin kumallonsu ya rikice.

A Disamba 2020 UNESCO ta sa al'adar hoka ta Singafo cikin jerin al'adun gado na duniya. An yi murna, an manna takardu a ginshiƙai. Amma matsakaicin shekarun masu sana'ar yana wajen 60, kuma a layinmu shaguna da dama ba su da magaji. 'Ya'yan sun yi karatu, iyayen ma ba sa so su gaje su. 'Yarmu tana taya mu ranar Asabar, ta iya lissafi da sauri fiye da ni, amma ko kusa da kaskon sambal ba ta zuwa, uwarta kuma ba ta taɓa matsa mata ba.

Baɗi wa'adin hayarmu zai cika a sake kimanta shagon. Mun riga mun yanke cewa in ta hau, fiffike da otah za su hau da ita, lontong kuma mu ajiye shi sai ƙarshen mako, domin shi ya fi cin aiki kuma shi ya fi saura a tukunya.