Saukowa da Baya a Kan Gangara: Abin da Hanyar Rumsiki Ta Nuna Mini Game da Birki

Na shafe shekaru ina tuƙa Land Cruiser tsakanin Marwa da ƙauyukan tsaunukan Mandara a arewacin Kamaru, kuma a ganina babu lokacin da ya fi haɗari a wannan aiki kamar sa'ad da mota ta kasa ƙarasa hawa, ta tsaya a tsakiyar tudu, ya zama dole a sauko da ita da baya. Daga Marwa zuwa Mokolo kimanin kilomita 80 ne, kuma direba ba ya shan wata wahala. Amma da zarar an bar Mokolo an nufi Rumsiki, ko an ratse zuwa ƙauyukan Kapsiki, sai a shiga hanyoyin tsakuwa da jar ƙasa waɗanda ruwan watan Agusta ke zaizayewa, ya bar duwatsu a fili da laka mai santsi.

A irin wannan hanya na fara gamuwa da abin, ina sabon direba, maigidana da ya koya mini tuƙi yana zaune a gefena. Mun ɗauko buhunan dawa, na shiga wani hawa da giyar da ta yi wa motar girma, saura kaɗan mu kai ƙoli sai injin ya shaƙe ya mutu. Ƙafata ta hagu ta tafi kan kuloci ba tare da na yi shawara da ita ba, motar kuwa ta fara zamewa baya. Na danne birki da ƙarfi, sai na ji gaban motar yana karkata zuwa wajen kwari, sitiyari a hannuna amma ba ya juya ta. Maigidana bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, riƙe birki a hankali, ja na hannu, kada ka waiwayi kwarin." Da muka tsaya na ce, "Baba, in juya ta ne?" Ya girgiza kai ya ce motar da aka juya a gicciye a kan tudu, da kaya a bayanta, ba ta da abin yi sai kifewa, kuma ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Daga baya na fahimci dalilin karkatar. Idan hancin mota yana kallon sama, yawancin nauyinta yana komawa kan tayoyin baya, na gaba kuwa su yi sakayau. Masu ƙera motoci sun ba birkin gaba ƙarfi fiye da na baya, domin a tafiyar yau da kullum gaba ne ke ɗaukar nauyi idan an taka birki. To a saukowa da baya lamarin ya juye: birki mai ƙarfi yana kan tayoyin da ba su da nauyi, saboda haka su ne ke fara ƙamewa. Tayar da ta ƙame kuwa ba ta bin umarnin sitiyari, jan ƙasa kawai take yi, kuma tun da tayoyin gaba ne ke juya mota, ƙamewarsu na nufin direba ya rasa ikon sarrafa ta baki ɗaya. Gaban sai ya zame gefe, motar ta gicciye, daga nan sai wuntsilawa.

Saboda haka injin ne ya kamata ya riƙe motar, birkin ƙafa ya zama mataimaki. Idan an sa ƙaramar giya ta tayoyi huɗu, wato gurbin da aka rubuta L4 a motocin Toyota, aka haɗa da ribas, injin yana tauye gudun tayoyin huɗu a lokaci guda ba tare da ya ƙamar da ko ɗaya ba, motar ta sauko a hankali kamar tafiyar mutum. Duk wanda ya taka kuloci ko ya bar giya a firi ya yanke wannan igiya da ƙafarsa. A tsofaffin motoci masu makullin tayoyin gaba da ake murzawa da hannu, dole ne a kulle su tun kafin a fara hawa, in ba haka ba ƙarfin injin ba zai kai ga tayoyin gaba ba ko da an sa L4. Na sha ganin direbobi suna barin su a buɗe don tsimin mai, kuma ban taɓa ganin tsimin da ya kai darajar ran fasinja ba.

Ga yadda maigidana ya sa na yi a ranar, kuma har yau ban sauya ba. Injin yana mace, ƙafar dama a kan birki, birkin hannu a jaye, na taka kuloci na sa ribas, sannan na ɗage ƙafar hagu gaba ɗaya na ajiye ta a ƙasa. Na tabbatar tayoyin gaba sun miƙe, na duba madubai, na saki birkin hannu, na sassauta na ƙafa sannu a hankali har na ji giya ta karɓi nauyin motar. Sai na murza makulli, injin ya tashi a cikin giya, motar ta fara saukowa da kanta, ƙafata tana shawagi a saman birki ba ta taɓa totur ba. Akwai abin lura a nan: idan injin ya mutu, na'urar da ke sauƙaƙa takun birki tana da sauran ƙarfi na taku biyu ko uku ne kawai, bayan haka birkin ya yi tauri kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Mai tattaka birki saboda firgita yana ƙarar da wannan ajiya ne a banza.

Idan gangarar ta yi tsanani har motar ta fara fin ƙarfin injin, ana taɓa birki taɓi mai laushi, kuma da zarar an ji taya ta fara jan ƙasa sai a sassauta har ta koma juyawa. Wannan sassautawar ita ce mafi wuya, domin zuciya tana cewa a ƙara dannawa. Gyaran sitiyari kuma kaɗan kaɗan ake yi, a bi sawun da aka hau da shi.

Motar da ba ta tashi sai an taka kuloci, a tayar da ita da birki a riƙe, a sa ribas, a saki kuloci da birki kusan tare. Mai giyar otomatik ba ta riƙe kanta sosai, don haka birki mai laushi ya fi yawan aiki a cikinta. Wasu sababbin motoci suna da na'urar da ke taka birkin kowace taya da kanta a gangara. Kamfanin Land Rover ne ya fara fito da ita a motar Freelander a 1997, Toyota kuma tana kiran tata DAC. Amma yawancin motocin da ke hawa Mandara da kaya ba su da ita.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa shi ne mutane. Kafin in fara saukowa, matuƙar motar ta tsaya daram, fasinjoji suna fita su tsaya a saman tudu, ba a ƙasansa ba. Karen mota kuma na hana shi al'adar nan ta gudu a bayan mota da dutse a hannu don ya tare taya, domin laka tana iya zame shi a daidai inda ba na ganinsa. Wurinsa gefen hanya ne, ta ɓangarena, inda madubina ke nuna mini hannunsa, daga nan yake yi mini alama har tayoyin baya su taka shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.