Ƙannena masu shirin tafiya daji da makaranta, ku ji wannan kafin ku hau mota

Duk shekara idan damina ta fara ja baya sai ka ga yaranmu na Jos masu karatun halittu da muhalli suna ta haɗa kuɗin mota wai za a fita ganin daji, kuma abin da ya fi damunsu bai wuce sabon kambas da fawa bank ba. Toh ni ma da wannan kan na tafi Kuros Riba lokacin da nake ɗalibi, na dawo da hotuna cike da waya, da aka ce kowa ya rubuta rahoto sai na rasa abin rubutawa, sunan bishiya ko ɗaya ban riƙe ba.

Hanyar kanta doguwa ce, Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Gboko, har ka sauka Ogoja ka nufi wajen Ikom, kuma tun a mota ya kamata a fara karatun don da idonka za ka ga ciyawa tana ƙarewa bishiyoyi suna ƙara tsayi da duhu. Ni barci na yi ta yi. Gandun dajin Kuros Riba na gwamnatin tarayya an kafa shi a 1991, kashi biyu ne, Oban da Okwangwo, kusan murabba'in kilomita 4,000 gaba ɗaya, sannan ga dutsen Afi da tsaunukan Mbe a ƙasar Boki. A nan ne gorilar Kuros Riba take, wato wani nau'in goggon biri, wadda duk duniya ba ta wuce 300 ba, tsakaninmu da Kamaru kawai ake samunta. Kada ku sa rai za ku gan ta. Masu binciken da suka yi shekaru a wurin ma yawanci sheƙar da take yi ta kwana da kashinta suke ƙirgawa, don kullum dare sabon makwanci take haɗawa da ganye. Ni da na ji ba za a ga gorila ba sai na hau fushi kamar an cuce ni, alhali wannan ƙirgan sheƙa shi ne ainihin aikin da aka kawo mu mu koya.

Babban wautata ita ce raina mai yi mana jagora. Dattijo ne ɗan garin, da can maharbi ne, Turancinsa na buroka, takalmin roba a ƙafarsa, ni kuma ina ganin ai ni ɗan jami'a ne, me zai koya min. Yana cewa a bi bayansa ina wuce shi don in ɗauki hoto babu kan kowa a ciki, har sai da na tsaya cak a kan layin kwarkwasa ban sani ba, kafin in ankara sun haura cikin wando, a gaban 'yan matan ajinmu na dinga tsalle ina kaɗe jiki. Shi tun daga nesa ya hango su ya kauce. Mutumin nan da kukan tsuntsu yake gane akwai birai a gaba, ya ɗaga ɓawon 'ya'yan itace ya ce maka wace dabba ta ci kuma jiya ne ko yau da safe. Wata 'yar ajinmu da ta manne masa tana ta Baba mene ne wannan, Baba mene ne wancan, tana rubutawa da fensir, ita ta fi kowa maki kuma wallahi ta cancanta. Shi ya tona ƙasa da adda ya nuna mata cewa baƙar ƙasar mai taki ko tsawon yatsa ba ta kai ba, ƙasanta ja ce mara ƙarfi, duk abincin dajin yana jikin bishiyoyi da ganyen da ke ruɓewa da sauri saboda zafi da laima, shi ya sa idan aka sare aka yi gona shekaru kaɗan ƙasar ta gaji. Lakcara ya faɗa mana wannan a aji, ban gane ba sai da na karanta a littafinta.

Maganar kaya kuwa, fensir za ku riƙe don biro wankewa yake, littafi da waya a cikin leda, takalmin ruwa da doguwar safa a cusa wando ciki, riga mai dogon hannu. Turare ku bar shi a Jos, ƙwari yake tara wa mutum. Kada ku shanya wanki a ƙasa, akwai ƙudan da ke ƙwai a jikin tufa mai laima tsutsar ta shiga fata, idan da hali a goge da dutsen guga mai zafi. Ku tafi da abin duba alƙibla don a ƙarƙashin bishiyoyin nan ba ka ganin rana sosai, kuma abinci a tambayi naman mene ne cikin ladabi, ba a yatsina fuska a gaban wanda ya dafa.

Sai mutanen gari, nan ne na fi jin kunya. Mu da muka san ba a shiga unguwa a fara aiki sai an gaida mai unguwa, da muka je ƙauyen wasu sai muka manta tarbiyyar gida. Na ga wata tsohuwa da dammen afang, wani ganyen miya, a ka na ɗaga waya na ƙyasta ba sallama ba neman izini, ta ajiye kayan ta hau faɗa da yarensu, sai da malaminmu da jagora suka yi ta ba da haƙuri na goge hoton a gabanta. Mutanen nan dajin nasu ne tun kaka da kakanni, daga ciki suke samun afang da ogbono da zuma da magani, kuma akwai wuraren da al'adarsu ta hana baƙo shiga, idan an ce kar a shiga to kar a shiga, ba sai an yi maka bayani ba. Mutanen ƙauyukan Ekuri na Kuros Riba da kansu suke kula da dajinsu mai faɗin hekta 33,600, na Mbe ma ƙauyuka tara ne suka haɗu suke tsaron nasu. Wanda ya riƙe abu haka ai tambayarsa ake yi.

Murjani kuma, wato abin nan mai kama da dutse da ke girma a ƙarƙashin teku, kada wani ya ruɗe ku da cewa za a gani a Kalaba ko Legas. Gaɓar tekunmu ba ta da irin wannan tsirin na murjani, saboda Neja da sauran koguna suna zuba ruwan daɗi da laka, murjani kuma ruwan gishiri mai haske da ɗumi yake so. Sai Bahar Maliya, inda tsofaffin gidajen Jidda ma da dutsensa aka gina su, ko gabashin Afirka irin su Zanzibar, inda na samu zuwa daga baya. Can ma na tafka wata. Na ɗauka dutse ne, na gaji da iyo na taka na tsaya a kai, ya yanke min tafin ƙafa, ciwon ya daɗe bai warke ba. Ashe dabbobi ne ƙanana masu rai suke gina shi a hankali, wani nau'in a shekara da ƙyar yake ƙara santimita ɗaya, abin da na karya da ƙafa ɗaya Allah kaɗai ya san shekarunsa. A cikin jikinsu akwai wani gansakuka da ke ba su abinci da launi, idan ruwa ya ƙara zafi da digiri ɗaya kawai na wasu makonni sai su fitar da shi su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu. Wurin da suka rufe a ƙasan teku bai kai kashi 1 cikin 100 ba amma kusan rubu'in halittun teku a nan suke rayuwa. Kuma dan Allah idan ba ka iya ruwa ba ka faɗa a ba ka rigar iyo, wankan da ka yi a kududdufin kuza na Rayfield ba shi ne iya teku ba.

Wanda bai da kuɗin tafiya bana, ga dajin Amurum nan a Laminga, Jos ta Gabas, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take. Ku nemi izini ku je da sassafe da fensir da littafi, ku zauna wuri ɗaya ku rubuta kowane tsuntsu da kuka gani, launinsa, girmansa, a wace bishiya da ƙarfe nawa, wayar kuma tana cikin jaka.